Yadda ake shirin mahaukaciyar guguwa ga namu da ke bakin teku, da abin da mu na gida za mu yi

Jama'a wannan rubutun saboda yaranmu da ƙannenmu ne da suka tafi karatu ko neman abinci garuruwan bakin teku a Amurka, irin su Houston da Tampa da Mayami da New Orleans, da kuma iyayensu da ke zaune nan Abuja. Daga Gwarimpa har Kubwa har Wuse gidaje da yawa suna da wani a can, kuma duk shekara da Agusta ta kama sai kaga iyaye hankali a tashe ana ta kallon labarai ana buga waya amma ba wanda ya san takamaiman abin da zai gaya wa yaron banda Allah ya tsare. Addu'a kam dole ce, amma akwai aikin da ake yi da hannu kuma yana da tsari, wanda ya taso a Jos ko Abuja ba lallai ya san shi ba tunda mu mutanen tudu ne, guguwar da muka sani ita ce ta farkon damina mai yaye kwanon rufi ta kada turakun wuta cikin minti ashirin ta wuce abinta.

Fara da sanin abin da ke tafe

Ita mahaukaciyar guguwar can a kan teku take haɗuwa in ruwan ya yi ɗumi ya kai wajen digiri 26 zuwa sama, faɗinta kan kai ɗaruruwan kilomita kuma tana iya wuni ta kwana tana jibgar gari ɗaya. A tekun Atlantika lokacinta daga 1 ga Yuni ne zuwa 30 ga Nuwamba, amma tsakiyar Agusta zuwa tsakiyar Oktoba nan abin ya fi ƙamari. Da yawa cikin manyan ma daga wajenmu suke tasowa, hadarin nan da ke ratsa Afirka ta Yamma daga gabas zuwa yamma shi ne in ya faɗa teku ta wajen Senigal ya samu ruwa mai ɗumi sai ya yi ta ƙara ƙarfi har ya isa can. Mu bata dukanmu saboda iska yamma take tura ta, kuma gaɓar Legas ta yi kusa da layin da ya raba duniya biyu inda irin wannan juyawar bata samuwa.

An kasa ƙarfinta mataki biyar, na 1 iskarsa daga kilomita 119 a awa take farawa, na 3 daga 178, na 5 daga 252. To ga inda mutanenmu ke ruɗuwa, wannan lambar iska kawai take aunawa bata cewa komai akan ruwa, sai kaji yaro ya ce ai Baba sun ce mataki na 1 ce ba wani abu bane. Wani bincike daga cibiyar lura da guguwa ta Amurka da ke Mayami ya duba shekarun 1963 zuwa 2012, ya samu kusan tara cikin goma na waɗanda guguwar ta kashe kai tsaye ruwa ne ya ci su, kusan rabinsu kuma toroƙon teku ne, wato iska ta turo tekun gaba ɗaya ya hauro cikin gari. A guguwar Katrina, Agustan 2005, toroƙon ya kai wajen mita 8 a gaɓar Mississippi, shingayen tare ruwa na New Orleans suka fashe kusan kashi 80 cikin ɗari na garin ya nutse, sama da mutum 1,300 suka rasu. A Harvey, Agustan 2017, akwai wurin da aka auna ruwan sama sama da milimita 1,500 a Teksas cikin 'yan kwanaki, ruwan da Abuja ke samu a damina guda sukutum kenan ko ma fiye. Kuma kar wani ya ce ai ni nesa nake da teku kan dutse, Helene a Satumbar 2024 ta Fulorida ta shigo amma sai da ta yi mummunar ɓarna a Asheville cikin duwatsun Karolina ta Arewa, ɗaruruwan kilomita daga gaɓa. In ka riƙe cewa ruwa ne babban abin tsoro to duk sauran shirin zai zo maka da sauƙin ganewa.

Mataki na farko, tun sama tana garau

Ka nemi sanin ko gidanka yana cikin yankin da ake kwashe mutane. Ƙananan hukumomin bakin teku sun riga sun raba unguwanni, a Fulorida da haruffa ake yi A, B, C haka, a wajen Houston kuma da lambar unguwa ta gidan waya, ka shiga shafin ƙaramar hukumarku a intanet ka sa adireshinka zai nuna maka. Ka rubuta a takarda ka manna a jikin firji, ka turo wa na gida ma su sani. Wanda ke zaune a hawan ƙasa ko a irin gidajen nan marasa tushe da ake iya ja da mota, shi ya sa a ransa tun yanzu cewa fita zai yi.

Sannan ka yanke inda zaka je. Ba sai ka tsallaka jiha biyu ba, gidan ɗan uwa ko abokin karatu da ke tudu kilomita hamsin ko ɗari daga gaɓa ya isa, amma ku yi maganar tun yanzu kar sai ranar ka fara neman lambar mutane. In baka da mota, wanda shi ne halin yawancin ɗalibanmu, ka san wa zai ɗauke ka, ka kuma tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarku wane shiri suke da shi, lambar 211 ma ana kira a tambayi wurin mafaka da motar kwashe mutane. Masallacin da kake Juma'a ko cocin da kike zuwa, ku karɓi lambar mutum biyu a can, a irin wannan ranar su ne dangi.

Takardu. Dan Allah wannan kar a yi wasa da shi, fasfo, biza, takardar makaranta, katin zama, takardar haihuwar yara, takardar hayar gida da ta mota, duk a zuba a leda mai zif guda biyu ɗaya cikin ɗaya a sa a jakar da zaka goya a baya. Ka ɗauki hoton kowacce ka tura wa kanka ta imel ka tura wa mutum ɗaya amintacce a gida. Baƙo a ƙasar mutane in fasfonsa ya jiƙe ya lalace sai ya nemi ofishin jakadancinmu na Atlanta ko Washington ko New York, wannan wahala ce ta daban akan wadda yake ciki.

Sai inshora, a can inshorar gida ta yau da kullum da ta 'yan haya bata biyan ɓarnar ambaliya, daban ake sayenta, kuma ta gwamnati sai ta yi kwana 30 kafin ta fara aiki, kaga in guguwa ta riga ta taso an makara. Ka zaga ɗakunanka da waya ka ɗauki bidiyon kayanka ka ajiye.

Mataki na biyu, kayan ajiya

Ruwan sha galan ɗaya ga kowane mutum a rana, kusan lita 4 kenan, na kwana uku aƙalla, hukumomin Fulorida ma na kwana bakwai suke cewa kuma gaskiyarsu. Gida mai mutum huɗu kwana bakwai ya haura lita 100, jarka biyar kenan mai cin lita 20 da ɗoriya, kuma wannan na sha da girki ne kawai bai haɗa da alwala da bayan gida ba. Dan haka in abin ya matso a wanke bahon wanka a cika shi, a cika bokitai da manyan tukwane, da shi za'a riƙa kora bayan gida in famfo ya ɗauke. In ruwa ya yi ƙaranci kuma addini ya yi sauƙi akwai taimama, a bar na sha dan sha.

Abinci wanda baya buƙatar wuta ko firji. Anan mu munfi kowa sa'a, garin kwaki da suga da madarar gari, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa, dabino, kilishi ko dambun nama in akwai, kifin gwangwani, biskit, burodi, man gyaɗa na shafawa. Kar ka cika kabad da shinkafa da taliya kana ganin ka gama shiri alhali murhunka na lantarki ne. A sayi abin buɗe gwangwani na hannu. Mai jariri ta tanadi madararsa da kunzugu da ruwan haɗawa daban.

Magani na sati biyu ga mai hawan jini ko ciwon suga ko asma, mai allurar insulin ya nemi ƙaramar kula da ƙanƙara. Tocila ga kowa da batir, rediyo mai batir dan in intanet ta ɗauke shi ne zai gaya maka abin da ke faruwa, fawa banki biyu, akwatin agajin gaggawa, takalmi mai ƙarfi da safar hannu, usur. Kyandir kuma a haƙura da shi, gobara a lokacin da motar kashe gobara bata iya fitowa ba ƙaramin abu bane. Duk wannan a saye shi tun watan Yuni kaɗan-kaɗan, in aka sanar da guguwa cikin wuni ɗaya kantuna ke zama wayam.

Mataki na uku, in an fara sanarwa

Sanarwa iri biyu ce. Ta farko suna ce mata Hurricane Watch, tana fitowa kamar awa 48 kafin iska mai ƙarfi ta iso, ma'anarta abin zai iya zuwa. Ta biyu Hurricane Warning, awa 36, ma'anarta yana tafe. Zaka kuma riƙa ganin wani zane a talabijin mai kama da mazurari, mutane da yawa suna ɗauka wanda ke wajen zanen ya tsira, a'a, inda ake sa ran tsakiyar guguwar zata bi kawai yake nunawa, ita kanta tsakiyar takan fita daga ciki wajen sau ɗaya cikin uku, ruwa da iska kuwa sun wuce zanen nesa.

Da jin sanarwar farko ka cika tankin mota, kar ka jira gobe, ka ciro tsabar kuɗi ƙananan takardu dan in wuta ta tafi ba ATM ba kati, ka yi cajin komai, ka karɓo magani. Ka murɗa firji da firiza zuwa ƙarshen sanyi, ka cika robobi da ruwa ka jera a firiza su daskare zasu riƙe sanyi daga baya kuma a sha. Duk abin da ke waje, kujera, kwandon shara, keke, tukunyar fulawa, a shigo da shi ciki dan iskar kilomita 150 in ta ɗauki kujera taga zata fasa. Kayan lantarki da katifa a ɗaga su sama, mota a kai ta tudu nesa da bishiya.

Tagogi a rufe su da murfin ƙarfe in gidan yana da shi ko a buga katako mai kauri ta waje, ɗan haya ya kira mai gida tun da wuri. Manna salatif a gilashi da zakaga wasu suna yi baya hana komai ɓata lokaci ne, haka maganar a bar taga ɗaya a buɗe wai iska ta samu hanya, kar a yi, iskar da ta shigo ciki ita ke ɗaga rufi.

Mataki na huɗu, in an ce ku fita

To nan ne zuciyar maganar. In hukuma ta ce yankinku a fita, ka fita a ranar, da safe in zai yiwu. Na san abin da ke riƙe mutanenmu, wani zai ce aiki ba'a bashi hutu ba, wani kuɗin otal yake ji, wani maƙwabcinsa ɗan gari ya ce masa shekara talatin ina nan ban taɓa gudu ba, wani kuma ya ce ai kwana in ya ƙare ya ƙare. Ɗan uwa, tawakkali baya hana ɗaure raƙumi, kuma ba kai kaɗai bane akwai mata da yara a hannunka akwai uwa a Kubwa da bata barci. A guguwar Ian, Satumbar 2022, teku ya hauro wajen mita 4 a yankin Fort Myers, da yawa cikin waɗanda suka rasu nutsewa suka yi a wuraren da aka ce a fita. Kuma ka sani in iska ta yi ƙarfi 'yan sanda da motar asibiti suna daina fita, ko ka kira lambar agajin gaggawa ta 911 sai dai su rubuta sunanka ka jira ta lafa.

Fita da wuri ma tana da dalilinta. A 2005 da Rita ta nufo Teksas miliyoyin mutane suka fito daga Houston da kewaye lokaci guda, aka yi cunkoson da wasu suka kusa kwana a hanya cikin zafi mai ya ƙare musu, mutum sama da 100 suka rasu a wajen gudun. Shi ya sa wanda ba'a ce yankinsa ya fita ba kuma gininsa mai ƙarfi ne a tudu, zai iya zama ya bar hanya ga waɗanda ke bakin ruwa. Kafin ka ja ƙofa ka zare kayan wuta daga soket, ka kashe babban makunnin wuta in ana tsoron ruwa zai shigo, ka ɗauki jakar takardu da magani da ruwa da bargo, ka bi hanyar da hukuma ta nuna kar ka ce zaka yanke ta lungu. In ba inda zaka je akwai mafakar da ake buɗewa a makarantu da manyan ɗakunan taro kyauta ne, Red Cross bata tambayar takardar zama, sai dai ka tafi da abincinka na halal da dardumarka dan ba lallai a samu ba.

Mataki na biyar, in a gida ta same ka

Ku tattaru a ɗakin da ke tsakiyar gida wanda bashi da taga, ko bayan gida ko lungun da ke tsakanin ɗakuna, a hawan ƙasa muddin ruwa bai shigo ba, da katifa kusa ta karewa. Kar a hau lifta. Akwai lokacin da komai zai tsaya cak har kaga rana ko taurari, idon guguwar ne yake wucewa ta kanku, kar kowa ya fita, bayan 'yan mintuna ko awa ɗaya iskar zata dawo ta ɗaya ɓangaren da ƙarfinta. Sai rediyo ya ce ta wuce.

In ruwa ya fara shigowa ka kashe babban makunni tun ƙafarka a bushe, in ka riga ka tsaya cikin ruwa kar ka taɓa shi, ku hau sama. Amma kar ku shige cikin silin da bashi da mafita, a Katrina mutane sun rasu a haka ruwa ya biyo su ba hanyar fita, in dole ce a hau da gatari ko a fita kan rufin ta waje a kira 911 a riƙa haska tocila.

Mataki na shida, bayan ta wuce

Mutane da yawa a nan suke rasa ransu bayan sun ɗauka an gama. Na ɗaya janareta. Mu 'yan Najeriya gani muke ba wanda zai koya mana janareta tunda da shi muka taso, to hayaƙinsa da ba'a gani kuma baya wari shi ke kashe mutane cikin barci, anan gida ma mun sha jin iyali guda sun kwanta basu tashi ba. A guguwar Laura ta 2020 a Luwiziyana da yawa cikin mamatan hayaƙin janareta ne, a Beryl ta Yulin 2024 da gidaje da shaguna sama da miliyan 2 suka rasa wuta a yankin Houston cikin tsananin zafi asibitoci sun yi ta karɓar masu irin wannan. A ajiye shi a fili aƙalla mita 6 daga ƙofa da taga, ba a gareji ba ko da an buɗe ƙofar, ba a baranda ba, gawayi da murhun gas na waje ma haka. Ciwon kai da jiri da tashin zuciya ga mutum biyu lokaci guda, kowa ya fita waje nan take.

Na biyu shiga ruwa. Ruwa mai gudu da ya kai santimita 15 yana kada babba, santimita 30 yana tafiya da ƙaramar mota, 60 yana ɗaukar jif. In kaga ruwa ya rufe titi ka juya kawai, baka san ko titin yana nan a ƙasa ba, ga wayar wuta da ta faɗo ga ruwan masai ga macizai, a Fulorida da Luwiziyana harda kada. Wannan kam har mu nan ya shafa, duk damina sai an ji ruwa ya tafi da mota a wajen Lokogoma ko Galadimawa ko Lugbe saboda direba ya ce zai iya, mutanen Jos kuma basu manta da abin da ruwa ya yi a Rikkos da Gangare a Yulin 2012 ba.

Firjin da ba'a buɗewa yana riƙe abinci awa 4, firiza cikakkiya awa 48, in rabi ce awa 24, bayan haka nama da kaza da madara a zubar ko da an ji zafin asarar. Ruwan famfo kar a sha sai hukuma ta ce, in an ce a tafasa to ya yi minti ɗaya yana tafasa sosai. In kaji warin gas kar ka kunna komai ka fita. Ka ɗauki hoton duk ɓarnar kafin ka fara shara saboda inshora da hukumar agaji ta FEMA, kuma ka yi hattara da masu zuwa ƙofa su ce zasu gyara rufi a basu kuɗi tukuna.

Mu kuma na gida

Hajiya, Alhaji, yayye da gwaggwanni, akwai namu aikin. In za'a tura kuɗin mai da otal a tura tun sanarwar farko, kuɗin da ya isa bayan wuta ta ɗauke bashi da amfani a ranar. In yaro ya kira yana ta inda-inda akan fita, ku ne zaku ce masa ya fita, maganar uwa tana da nauyin da ta gwamna bata da shi, kar kuma a ce masa ya tsaya ya tsare kaya.

A zaɓi mutum ɗaya a dangi shi kaɗai zai riƙa magana da shi ya sanar da sauran a guruf na WhatsApp, dan in mutum ashirin suna kiran bidiyo batir ɗin da zai kira agaji da shi muke cinyewa. Saƙon rubutu yafi shiga in layi ya cushe, ku yi alkawari da shi sau biyu a rana ya rubuto lafiya lau shikenan. Ku tuna a watannin nan Abuja tana gaban Fulorida da awa 5, tana gaban Houston da awa 6, in bai amsa da safenmu ba ƙila tsakar dare ne a can. A daina tura tsofaffin bidiyon ambaliyar wata ƙasa ana cewa garinsu ne, akwai masu hawan jini a guruf ɗin.

In an kwana biyu ba labari, mafi yawa turakun waya ne suka faɗi ko caji ya ƙare. A fara da lambar abokan nan biyu da ya bayar da ta wanda ya ce zai je gidansa, sannan limamin masallacinsu ko faston cocinsu, sannan ofishin ɗaliban ƙasashen waje na makarantarsu, in duk ba'a dace ba a nemi Red Cross da cikakken sunansa yadda yake a fasfo da adireshin gidan da kuma lokacin da aka yi magana da shi na ƙarshe.